Yaƙin ƴancin Aljeriya: me mai kanti da mai kwando suka samu?

Duk ɗan kasuwar da ke sauke buhunan dabino a Agadas, Tawa ko Damagaram ya san hanyar da yawancinsu suka biyo: Tamanraset, In Gezam, Asamaka, Arlit. Mun san Aljeriya ta wajen dabino da taliya da madarar gari. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin jinin da wannan maƙwabciya tamu ta zubar kafin ta kafa tutarta, da rawar da ƴan kasuwa da mata suka taka a wannan gwagwarmaya. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu yi lissafi irin na kasuwa: nawa aka zuba, nawa aka samu, kuma wa ya kwashe ribar.

Faransa ta shiga birnin Alje a 1830, ta zauna shekara 132. Ba ta ɗauki ƙasar kamar yadda ta ɗauki Nijar ba. Cewa ta yi Aljeriya wani yanki ne na Faransa. Turawa kusan miliyan 1 suka yi kaka-gida, suka riƙe gonaki mafi albarka, wajen hekta miliyan 2 da rabi, suna noman inabin giya, alhali Musulmi wajen miliyan 9 suna ƙwadago a ƙasar kakanninsu.

Ranar 1 ga Nuwamba 1954 ƙungiyar FLN ta ɗauki makamai. A takardar da ta fitar ran nan ta yi alkawarin ƙasa mai cin gashin kanta, mai dimokuraɗiyya da adalci tsakanin jama'a bisa tushen Musulunci, wadda za ta kare ƴancin kowa ba tare da duba launi ko addini ba. A taron Sumam na Agusta 1956 aka ƙara wani sharaɗi: ɗan siyasa ne zai kasance sama da mai bindiga. Ku riƙe wannan sharaɗi, domin a nan gizo ke saƙar.

Ƴan kasuwa sun biya nasu kason. Ranar 28 ga Janairu 1957 FLN ta kira yajin aiki na kwana 8, don Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke shirin tattauna batun, ta ga cewa jama'a na bayanta. Masu kantuna suka rufe, kasuwanni suka yi tsit. Sojojin Janar Massu suka bi layi-layi suna ɓalle ƙofofin shaguna, suka bar hajar mutane a buɗe ga duk mai son ɗiba, suka loda ma'aikata a manyan motoci suka kai su aiki dole. Mai kanti ya san jarinsa na iya tafiya a wuni guda, amma ya rufe.

Mata ma haka. A ƙauyuka su ke toya burodin mayaƙa, su ɓoye su, su yi jinyar masu rauni. A birni suna ratsa shingen soja da wasiƙu da magani da bindigogi cikin kwandon cefane. Wasu har bam suka ɗauka, kuma gaskiya ɗaya ce, bama-baman sun kashe farar hula Turawa a gidajen shan shayi. Hasiba Ben Buwali na da shekara 19 lokacin da sojoji suka tarwatsa gidan da take ɓoye a unguwar Kasba a Oktoba 1957. Jamila Buhired kuwa an azabtar da ita, aka yanke mata hukuncin kisa, sai surutun duniya ya cece ta. Mata kusan 11,000 aka rubuta sunayensu a rajistar ƴan gwagwarmaya bayan yaƙi.

Aka sa hannu kan yarjejeniyar Ebiyan ranar 18 ga Maris 1962, aka yi bikin ƴanci ranar 5 ga Yuli. Gwamnatin Aljeriya na cewa mutum miliyan 1 da rabi suka yi shahada. Masana tarihi na Faransa na cewa tsakanin 300,000 da 400,000. Manoma kusan miliyan 2 aka tashe su daga ƙauyukansu aka tsare a sansanoni. Ko wane lissafi muka ɗauka, uwar kuɗin ta yi nauyi.

To, ina ribar? Akwai ta, kuma ba ƙarama ba. Ƙasa ta koma hannun masu ita. A 1962 fiye da mutum 8 cikin 10 ba su iya karatu ba. Gwamnati ta buɗe makarantu kyauta har jami'a, ta mai da magani kyauta a asibitocinta daga 1974. Ranar 24 ga Fabrairu 1971 shugaba Huwari Bumediyen ya karɓe ragamar man fetur da iskar gas daga kamfanonin Faransa. Da wannan kuɗi ne aka sassauta farashin gari da madara da mai. Tsofaffin ƴan kasuwar Agadas ba su manta da madarar Lahda ba, wadda ake fasa-ƙwaurinta zuwa Nijar da Mali a shekarun 1980 saboda arhar da take da ita can.

Sai dai sharaɗin Sumam tun ana cikin yaƙi aka binne shi. Aban Ramdan, wanda ya fi kowa tsayawa a kansa, abokan gwagwarmayarsa ne suka kashe shi a Maroko a Disamba 1957. Da Bature ya tafi, rundunar Bumediyen da ke girke a iyakokin Tunisiya da Maroko ta shigo da manyan makamai, ta gwabza da mayaƙan cikin gida waɗanda suka sha wuyar daji, ta ɗora Ahmed Ben Bella. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jama'a suka fito titi suna cewa shekara bakwai ta isa haka. Aka kafa jam'iyya ɗaya tilo a 1963, sannan ranar 19 ga Yuni 1965 Bumediyen ya kifar da Ben Bella. Dubban harki, wato ƴan ƙasa da suka yi wa Faransa soja, aka karkashe su ba shari'a.

Mai kantin da ya rufe a 1957 ya wayi gari ana yi masa kallon macuci. Dokar 1978 ta mai da shigo da kaya da fitar da su hurumin gwamnati ita kaɗai, aka buɗe manyan kantunan gwamnati, inda mata ke kwana a layi don ƙwai ko man girki, masu hanya kuwa suna samu ta bayan gida. Mai kwando ma ba ta tsira ba. A majalisar farko ta 1962, mata 10 ne kacal cikin wakilai kusan 200. Lokacin dokar iyali ta 1984 tsofaffin mayaƙa mata sun nuna rashin yarda, suna cewa an taƙaita haƙƙinsu wajen aure da saki da muhalli, amma ba a saurare su ba. Sai a 2005 aka yi wa dokar gyara.

Da farashin fetur ya faɗi a 1986, rumbun ya bushe. A Oktoba 1988 matasa suka yi bore, sojan da ke alfahari da sunan ƴanci ya harbe ɗaruruwansu. Aka buɗe ƙofar jam'iyyu, jam'iyyar Musulunci ta FIS ta ci zagayen farko a Disamba 1991, soja ya soke zaɓen a Janairu 1992. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya ci rayuka tsakanin 100,000 da 200,000. A Fabrairu 2019 jama'a suka sake cika tituna, ba makami a hannunsu, suna neman mulkin farar hula, har Abdul'aziz Butafilika ya sauka ranar 2 ga Afrilu. Cikin masu tattakin har da Jamila Buhired, tana da shekara fiye da 80, tana bin bashin alkawarin 1954.

Babu ɗan Aljeriya mai hankali da ke kewar mulkin mallaka, kuma ba mu ce jinin ya tafi a banza ba. Abin da muke cewa shi ne, korar baƙo aiki ɗaya ne, tsare haƙƙin ɗan gida wani aikin ne daban. Ku da kuke kasuwa kun san ba a haɗa jari da mutum, komai kusancinsa, sai an san wa ke riƙe da makulli da ranar da za a zauna lissafi. Ƴan Aljeriya sun zuba jari da jininsu, makulli ya tafi hannun masu bindiga, ba a kuwa sa ranar lissafi ba. Alkawari kaya ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba na raye shugabanni masu sauke shi.