Algol: Tauraron da ke ƙifta ido duk bayan kwana uku

Wanda ya sauke manhajar Stellarium a wayarsa ya rubuta Algol, za ta nuna masa wani tauraro a rukunin Perseus, ta arewacin sama. Daga Kano ko Damagaram ana ganinsa da ido da daddare tsakanin Nuwamba da Fabrairu, idan hazo bai rufe sama ba. Duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 haskensa yana dusashewa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan ya dawo. Dusashewar da dawowar kan ɗauki awa 10.

Husufi ne ke jawo hakan. Taurari biyu ne ke kewaya juna, nisan kusan shekarar haske 90 daga nan. Ɗaya mai zafi ne da haske, nauyinsa ya ninka na rana sau uku. Ɗayan ya fi shi faɗi amma haskensa kaɗan ne. Duk sanda mai ƙarancin hasken ya gifta ta gaban ɗan'uwansa, sai ya tare mana hasken.

Sunan daga Larabci yake, Ra'asul Ghul, wato kan dodo. John Goodricke, wani matashi kurma a Ingila, shi ya auna lokacin ya kuma kawo bayanin husufin a 1783, yana ɗan shekara 18. Sai 1889 Hermann Vogel ya tabbatar da shi a Jamus.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: a ƙa'ida tauraro mai nauyi ne ke fara tsufa, amma a nan mara nauyin ne ya tsufa. Ashe a da shi ne babba. Da ya kumbura, sai maƙwabcinsa ya riƙa zuƙe iskar jikinsa har ya fi shi nauyi. Irin wannan raguwar haske na'urorin Kepler da TESS na hukumar NASA suka bi wajen gano dubban duniyoyi.

Mai son gwadawa da waya ya kula, kyamara kan daidaita haske da kanta, ta ɓoye bambancin. Gara ya haɗa Algol da maƙwabcinsa Mirfak a hoto ɗaya, ya sake ɗauka bayan awa biyar a daren husufin, ya kwatanta.