Takin Gwamnati: Wa Ake Tallafa?

Ina yaro a cikin birni, da rani ya tsaya sai ka ga jakuna sun jeru ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Dawanau. Suna shigowa da itacen girki, suna fita da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida. Wannan shi ne taki a wurin iyayenmu, kuma da shi gonakin karkarar Kano suka yi ɗaruruwan shekaru ana nomansu ba hutu. A wancan zamani birni ne ke aika wa ƙauye taki. Yau kuwa takin da aka ware wa ƙauye ne ke maƙalewa a birni.

Tun shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 gwamnatoci ke sayar da takin zamani da rangwame. An janye rangwamen a 1997, aka maido da shi a 1999 da kashi 25 cikin ɗari. Abin da bai sauya ba shi ne hanyar rabo: daga ma'aikata zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa mazaɓa, kowace gaɓa tana da mai tsaron ƙofa. Na san wani maƙwabcinmu da ko shukar tukunya ba shi da ita, amma duk damina sai ya samo takardar buhu goma, ya sayar da ita a zaure kafin azahar. Ɗan'uwan mahaifiyata kuwa, mai noman gero da dawa a ƙasar Ɗambatta, sai a haɗa su su huɗu a buhu guda, su raba da kwano.

A 2012 Ministan Aikin Gona Akinwumi Adesina ya kawo tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar salula, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Gaskiya ita ce tsarin ya rage 'yan tsakiya, kuma ya kamata a faɗa. Amma a nan sana'ata ta nazarin harshe ta sa ni tsayawa. Tsohon nan da na ambata ya yi karatun allo, yana rubuta ajami tsaf, amma saƙon boko na waya sai ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa, idan ma akwai sabis a garin. Kuma sau da yawa takin kan iso bayan gero ya yi kai, lokacin da amfaninsa ya wuce. Bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 shi ma ya fi karkata ga masu shinkafa da ke cikin ƙungiyoyi. Mai 'yar gonar gado da ke noma don cikinsa bai cika shiga lissafi ba.

Kalmar da muke fassara abin da ita ma abar dubawa ce. A Hausa, tallafa ita ce sa hannu a ƙarƙashin abin da ke shirin faɗuwa, kamar yadda ake tallafe kan jariri. Ba a tallafar abu daga nesa, kuma ba a tallafar wanda ba a gani ba. To, wa ya ga manomin? Mai unguwa da dagaci sun san gonar kowa da iyakarta, malaman gona na KNARDA sun san ƙauyuka, amma jerin sunaye a ofis ake rubuta shi.

Mu mazauna cikin ganuwa kada mu ɗauka wannan kukan ƙauye ne. Buhun da bai isa gona a watan Yuni ba, shi ne kwanon geron da za mu saya da tsada a Dawanau da Kasuwar Rimi bayan kaka. Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da majalisa shi ne a liƙa sunayen masu cin gajiyar a ƙofar gidan kowane dagaci, da boko da ajami, a karanta su a rediyo, sannan taki ya sauka kafin ruwan shuka.