Jeri Mai Mabuɗi da Yadda A Ke Gina Shi Cikin Zagaye

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya riga ya san asalin abin da za mu yi magana a kansa. Mai neman ma'anar "rijiya" ba ya cewa a ba shi kalma ta dubu tara, sunan kalmar ya ke bi har ya iske ta. To, haka jeri mai mabuɗi ya ke a aikin kwamfuta. A jeri na kullum kowane gurbi lamba gare shi, amma a wannan mai rubuta umurni shi ne ke raɗa wa gurbi suna, sunan kuwa shi a ke kira mabuɗi. Harshen AWK, wanda aka ƙago a 1977, ya yi fice da irin wannan jeri, Python kuma sunan ƙamus ma ya ba shi.

Ba kasafai a kan cika jerin da hannu ba. A kan fara da jeri wofi, sa'an nan a kafa zagaye, watau umurnin da kwamfuta za ta yi ta maimaitawa bisa kowane layi na littafi har ya ƙare. A kowane zagayowa ta ɗauki kalma ta mai da ita mabuɗi, ta ajiye fassararta ƙarƙashinsa, kamar haka:

ajiya[kalma] = fassara

Wannan duka mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen mabuɗi, gama jerin ba ya riƙe mabuɗi iri ɗaya sau biyu. In mabuɗin da ya riga ya shiga ya sake zuwa, sabuwar ajiya sai ta danne tsohuwa, kwamfuta kuwa ba za ta ce uffan ba.

Dubi yadda wannan ya shafe mu. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka gari da a ke zama cikinsa da gari da a ke tuƙa tuwo da shi, a wurin kwamfuta abu guda ne. "Fara" ma ta fi muni: ga ƙwaro, ga launi, ga soma aiki. Malamin da ya zuba jerin kalmominsa cikin irin wannan zagaye zai tarar ma'ana ta ƙarshe kaɗai ta tsira, mai yiwuwa ne kuma ba zai farga ba sai takarda ta fito daga ɗab'i.

Magani iri biyu ne. Ko a haɗa mabuɗi daga abu biyu ko uku, watau kalma da karin sautinta da tsawon wasulanta, ko kuwa a bar kalma ita kaɗai, a ajiye ma'anoni jere ƙarƙashinta, kowace sabuwa a ɗora ta bayan 'yar'uwarta. A ganina na biyu ya fi dacewa da mafi yawan rubutunmu, tun da ya ke karin sautin ba ya cikin rubutun balle kwamfuta ta tsamo shi.

Akwai kuma kishiyar wannan ɓarna, inda kalma ɗaya ta rabu biyu. "Gari" na farkon jimla da "gari" na tsakiya mabuɗai biyu ne in ba a daidaita manyan baƙaƙe ba. Haka nan abin da Nijeriya ke rubutawa da 'y, Nijar da ƴ ta ke rubuta shi. Lalle ne a daidaita waɗannan cikin zagayen kafin a kafa mabuɗi. Amma fa a yi hattara da daidaitawar da ke share lanƙwasa, kada baki da baƙi su faɗa gurbi ɗaya.

Saura batun jeri bi da bi. Tun daga Python 3.7 na 2018 mabuɗai na fitowa bisa yadda aka shigar da su, AWK kuwa bai yi wannan alkawari ba. In aka ce kwamfuta ta jera su da kanta, lambobin Unicode za ta bi, sai ƙ da ɓ da ɗ su koma can bayan z, ƙ ce ma a gaba. Mai son jerin abacada na Hausa dole ya rubuta wa kwamfuta tsarin baƙaƙenmu da hannunsa.