Kaurin bangon mahaifa: Yadda robar mahaifa mai sinadari ke magance shi ba tare da tiyata ba

A Maiduguri, kamar sauran garuruwan Arewa, idan jini ya zarce wa mace kwanakin al'adarta, sau da yawa tambayar farko da take yi ita ce hukuncin sallarta da azuminta. Tambayar da ake jinkirtawa ita ce abin da ya jawo jinin. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kaurin bangon mahaifa na ciki fiye da ƙima, larurar da kan iya rikiɗewa zuwa ciwon daji idan aka yi sakaci.

Sinadarai biyu ne ke sarrafa wannan bango. Istirojin yana gina shi kowane wata, furojestaron kuma yana taƙaita ginin bayan fitar ƙwai, har bangon ya zube a matsayin haila. Idan ƙwai bai fita ba, ko istirojin ya yi rinjaye, sai bangon ya yi ta ƙaruwa. Shi ya sa larurar ta fi samun mata masu ƙiba, masu ciwon suga, masu matsalar rashin fitar ƙwai a kan kari, da waɗanda ke dab da daina al'ada.

Alamunta su ne jini mai yawa ko mai daɗewa, ɗigon jini tsakanin haila biyu, da dawowar jini bayan mace ta daina al'ada. Wannan na ƙarshe, ko ɗigo ɗaya ne, yana bukatar ganin likita.

Hoton mahaifa yana nuna kaurin bangon kawai. Tabbaci yana samuwa ne idan aka ɗebi ɗan yanki daga bangon aka duba shi a ɗakin gwaji, aikin da manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ke yi. A shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa larurar gida biyu: wadda ƙwayoyin halittar bangon ba su sauya kama ba, da wadda suka sauya.

A kashi na farko, ƙasa da mata 5 cikin 100 ne larurar ke zame musu daji cikin shekaru 20. A nan ne ƙa'idar da Kwalejin Likitocin Mata ta Birtaniya ta fitar a 2016 ta sanya robar mahaifa mai sinadari a matsayin maganin farko, gaba da ƙwayoyin sha.

Robar ƙarama ce, mai siffar harafin T. An fara amfani da ita a ƙasar Finlan a 1990, kuma wadda aka fi sani ita ce Mirena. Tana ɗauke da miligiram 52 na sinadarin lebonojestirel, mai aiki irin na furojestaron, kuma tana sakin kimanin maikirogiram 20 a kullum kai tsaye cikin mahaifa. Da haka bangon ke sirancewa, kuma kaɗan ne daga sinadarin ke shiga jini. Bincike ya nuna kusan mata 9 cikin 10 na warkewa da ita, adadin da ya zarce na masu shan ƙwaya.

Ana sanya ta cikin 'yan mintoci ba tare da tiyata ba. Sai dai ta bambanta da robar mai jan ƙarfe da ake bayarwa a sashen tazarar haihuwa, wadda ba ta da sinadari, ba ta maganin kaurin bango, kuma takan ƙara yawan jini.

A watanni uku zuwa shida na farko mace kan ga ɗigon jini jefi-jefi, daga baya jinin ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke. Ɗaukewar ba taruwar jini a ciki ba ce, bangon ne ya sirance har ba abin da zai zube. Robar kan faɗo da kanta ga kimanin mace ɗaya cikin 20. Ba a sanya wa mai juna biyu, ko mai ciwon dajin nono, ko mai ciwon sanyin mara da ba a magance ba. Tana hana ɗaukar ciki muddin tana nan, amma haihuwa na dawowa da zarar an cire ta.

Tsayawar jini ba ita ce shaidar warkewa ba. Ana barin robar aƙalla wata shida, an fi so ta kai shekara biyar, kuma ana sake gwajin bangon duk wata shida har sai an sami sakamako mai kyau sau biyu a jere.

A kashi na biyu, inda ƙwayoyin halitta suka sauya kama, cire mahaifa ne shawarar farko, domin akan tarar da dajin ya riga ya fara. Wadda ke neman haihuwa za a iya sanya mata robar, da sharaɗin gwaji duk wata uku.

Ga matar da ta taso daga Bama, Biu ko Monguno, wannan na nufin komawa Maiduguri fiye da sau ɗaya. Ya kamata iyali su tanadi kuɗin mota da na gwaji tun ranar da aka sanya robar, domin gwajin bibiya ne kaɗai ke tabbatar da cewa mahaifar ta tsira.