"Ai yana cikin kwamfuta" ba ajiya ba ce

Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakin masu kasuwanci a Maiduguri, har ta fara gundurar mai sauraro. Tambayi mai kemis ko mai gidan mai ko mai makarantar kuɗi ina lissafinsa na shekarar bara, sai ya ce maka "ai yana cikin kwamfuta", ya ɗauka magana ta ƙare. Sun sayi manhajar lissafi irin su QuickBooks da Sage, wasu kuma Excel kawai suke amfani da ita, sun jingine tsohon littafi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne zaton cewa duk abin da ya shiga manhaja ya shiga ke nan har abada, ba sai wani ya tsaya a kansa ba.

Mutumin Maiduguri bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye kasuwar da Gwange da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa. Ruwan bai tambayi lissafin wane ne a takarda, na wane ne a na'ura ba. Kwamfutar da ke ƙarƙashin kanta ta nutse tare da littafin bashi, filas ɗin da aka kwafi bayanai a ciki kuwa yana aljihun teburin nan dai. Kwafi biyu a ɗaki guda, kwafi ɗaya ne.

Ko ba wuta ba ruwa, rahoto na ɓacewa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Rahoton ciniki ko na kayan sito hoton lissafi ne na ranar da aka fitar da shi. Idan bayan wata uku akanta ya gyara farashin buhu, ko ya goge rasit guda, ka sake danna wancan rahoton, wata lamba daban za ka gani, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Ƙari a kan haka, manyan manhajojin kamfanoni suna da wa'adin da ake saka wa tsofaffin rahotanni, da ya cika su share kansu don kada ma'ajiya ta cika. Wa ya saka wa'adin? Yaron da ya zo ya haɗa na'urar, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mai dukiya bai ma san da zancen ba, kuma wannan sakaci ne, ba ƙaddara ba.

Wani zai ce nasa a rumbun intanet yake, ruwan Alau ba ya kaiwa can. Gaskiya ne, kuma ya fi na ƙarƙashin kanta. Amma wannan rumbu haya ce: ranar da ka kasa biyan kuɗin wata, ƙofar ta fara rufuwa. Google ma ya sanar cewa daga Disamban 2023 zai iya goge asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Sau da yawa kuma lambar sirri da layin wayar da aka yi rajista da shi na akanta ne, in kun ɓata ya tafi da mabuɗin. Waɗanda suka ga 2013, lokacin da aka katse layukan waya a Borno na tsawon watanni, sun san abin da ke intanet ba kullum hannu ke kai gare shi ba. Masu tura lissafi ta WhatsApp kuwa, da masu tara rasit ɗin POS wanda rubutunsa ke dushewa cikin zafin nan namu, ba su ma fara ajiya ba.

Doka ba ta bar abin ga ganin dama ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani adana bayanan lissafinsa shekara 6, kuma jami'in haraji ba ya karɓar "kwamfuta ta lalace" a matsayin hujja. Wanda ya ce shi ƙaramin ɗan tireda ne, ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Me ya rage na amfanin rubutun da magada za su nema su rasa? Haƙƙin marayu da na abokan ciniki ne ke salwanta. Sai dai tara komai har abada ma kuskure ne, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutane fiye da buƙata.

Saboda haka mai kasuwanci ya zauna da akantansa su rubuta a takarda guda: wane rahoto ake ajiyewa, shekara nawa, a ina, wa ke da alhaki. Ƙarshen kowane wata a fitar da rahoton ciniki da na bashi da na sito a matsayin PDF, a sa masa kwanan wata, kada a sake taɓa shi. A yi kwafi uku: ɗaya a shago, ɗaya a intanet, ɗaya a gida a wata unguwa da ke kan tudu. Na ƙarshen shekara a buga shi a takarda, a sa hannu. Asusun manhaja ya kasance da layin mai dukiya, ba na yaron shago ba. A kira wanda ya haɗa na'urar ya nuna wa'adin shara da idonka, a ƙara shi ya haura shekara 6. Sannan duk bayan wata uku a ɗauki kwafin gida a buɗe shi a wata kwamfutar daban, a nemo rahoton watan Janairu a karanta.