Zuwa su a tabkin Madarunfa: shirin da ya kamata baƙo ya yi

Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan magana ta fi ƙarfi a bakin ruwa, don haka muke jan hankalin masu karatu da ke sha'awar ɗaukar fatsa su nufi tabkin Madarunfa, mai tazarar kilomita 20 da ɗoriya kudu da birnin Maraɗi.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani salon kamun kifi na nishaɗi, inda ake ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a wurga shi bisa ruwa mai gudu, kifi ya yi zaton abinci ne ya cafka. Duk da tsadar kayansu, masu wannan harka kan biya jagoran da ya san kogin kafin su shiga. To a nan gida gulaben namu, wato Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, da damina kaɗai suke gudu, shi ya sa mai neman kifi da rani sai dai ya nufi tabki. Amma bukatar jagora tana nan daram.

Abu na farko shi ne a nemi sarkin ruwa ko wani dattijon masunci tun kafin ranar tafiya. Shi ya san inda ke da zurfi, da inda taɓo ke riƙe ƙafa, da wuraren da aka shimfiɗa taru da mamari, waɗanda baƙo zai iya tsinkawa ya jawo wa kansa rigima. A daidaita kuɗin sallamarsa tun a tudu. Masuntan wannan yanki kan hau babban gora su yi ta yawo bisa ruwa kamar wasa, amma sun gaji abin ne tun suna yara. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gaɓa.

Na biyu, takarda. Tun dokar kamun kifi ta 1998 hukumomin Nijar suka shar'anta mallakar izini, suka kuma haramta kama kifi da guba ko nakiya. A biya ta ofishin ma'aikatan gandun daji a ji ƙa'idar da ke aiki, a kuma tambaya ko an rufe tabkin don kifi ya hayayyafa.

Na uku, kayan aiki. Fatsa da zare mai ƙwari da ƙugiyoyi manya da ƙanana sun wadatar. Tana da gara su ne abincin da kifinmu ya sani. Karfasa na son ƙaramar ƙugiya, ita kuwa tarwaɗa ta fi cin abinci a ƙasan ruwa, musamman da sanyin safiya da kuma yamma. A yi hattara da ƙurungu, domin ƙayarsa na huda hannu. Kada a manta da malfa da takalmin roba da ruwan sha daga gida. Ruwa kwantacce na iya ɗauke da cutar tsargiya, saboda haka a rage shiga cikinsa, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan tafiya ya garzaya likita.

Akwai kuma batun tsaro. Tun wajejen 2019 wasu garuruwan gundumar Madarunfa da ke kan iyaka da Najeriya suka fuskanci ɓarayin shanu da masu satar mutane. A tambayi hukuma halin da ake ciki, a tafi da sassafe, a dawo kafin faɗuwar rana.

Wannan tabki dai ba wurin shaƙatawa ba ne kawai. A kewayensa ne kushewun waliyyai 99 suke, inda jama'a ke kai ziyara, kuma a 2006 Nijar ta sa shi tare da dajinsa cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su. Sai dai yashi na cike shi sannu a hankali, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi ya ragu. Kifin da baƙo ke kamawa don nishaɗi, shi ne tuwon gidan masunta da matan da ke soya shi suna kai wa kasuwa.

Don haka muna kira ga mai zuwa su da ya mayar da ƙananan kifaye cikin ruwa, ya kwashe ledodinsa, ya kuma mutunta makwantan bayin Allah. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.