Taƙaita makro wajen shirya matanin Hausa da Faransanci

A cikin wannan ɗan bayani, za mu duba matsalar da ke tasowa idan ana shirya matanin baka da tsarin LaTeX, musamman labarai da tatsuniyoyin da ɗalibanmu ke naɗowa a gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram. Abin da muke nufi da makro shi ne gajeren umurnin da marubuci ke ƙirƙira don ya tsaya a madadin dogon rubutu.

Matsalar ta samo asali ne daga haruffa masu lanƙwasa. Lokacin da Donald Knuth ya fara aikin TeX a 1977, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa. Saboda haka marubuta da dama suka riƙa sauya ma'anar \b, \d da \k don samun su. To, amma waɗannan umurnai suna da aikinsu tun asali: \d, alal misali, shi ke sa ɗigo a ƙarƙashin harafi. Duk wanda ya sauya shi, ranar da ya zo rubuta kalmar Larabci da boko, kamar ḥadīth, ya rasa ɗigonsa. Mun taɓa karɓar kundi mai makro fiye da shafi guda, wani na kiran wani, mai shi kuwa ya yi tafiya. Sai da muka sake buga babi biyu da hannu.

A yau wannan wahala ba ta da dalili. Haruffan huɗu duk suna cikin Unicode, kuma tun 2018 LaTeX na karanta UTF-8 kai tsaye. Da XeLaTeX da nau'in haruffan da ya ƙunshe su, sai a buga ƙ a matsayin ƙ. Wannan kuma na ba mai bincike damar neman kalma a cikin matanin, abin da makro ke hanawa.

Inda muke ganin makro na da amfani shi ne wajen abin da ka iya canjawa. Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya kuwa 'y. Magarya na kan iyaka, masu karatunmu na ɓangarorin biyu. Haka sunayen wurare: Magarya da Dungas a shafin Hausa, Magaria da Dungass a na Faransanci. Umurni ɗaya ga kowane ya isa, a ajiye shi a farkon takarda tare da layin bayani.

Sai dai a lura: TeX na haɗiye filin da ke bin sunan makro. Idan \Mag na nufin Magarya, to "\Mag ta gabas" zai fito "Magaryata gabas", wato garin ya zama mallakar marubuci. A rubuta \Mag{} kafin a bar fili.